Shafin formasiyon a intanet: me zai sa mutum ya tura jikka 25 ga wanda bai taɓa gani ba?

Yanzu a nan Tahoua da can Yamai kusan duk gurup ɗin WhatsApp da kake ciki sai ka ga an turo talla, formasiyon ta kontabilite, ta Excel, ta haɗa sola, ta kiwon kaji, ta yadda ake shirya dosiyen neman aikin ONG, kowa da liyan ɗinsa wai danna nan ka yi rajista. Kuma wasu daga cikin masu koyarwar nan wallahi ƙwararru ne na gaske, sun san aikinsu, sun biya wani yaro ya gina musu shafi, sun zuba bidiyo a ciki, sun zauna jiran kuɗi, shiru kake ji. Mutane na shiga suna leƙawa suna fita. Daga nan sai ka ji mai shafin yana cewa ai ƴan Nijar ba su son biyan kuɗin ilimi, komai sai kyauta. Ni dai ban yarda da wannan magana ba. Mutumin da ke biya wa ɗansa kuɗin kur na yamma saboda BEPC, yake biyan makaranta mai zaman kanta wata bayan wata, ba za ka ce masa ba ya biyan kuɗin ilimi ba. Abin da ba ya so shi ne cinikin biri a sama, ya ba da kuɗi tukuna ga wanda bai sani ba, a kan kayan da bai gani ba, kuma in abin ya ɓaci bai san ƙofar da zai ƙwanƙwasa ba.

To duk maganar gyaran fasalin shafi a nan take. Mai shiga shafinka yana ɗauke da tambayoyi ne a ransa ko bai furta ba: wane ne kai, me zan samu takamaimai, in na tura kuɗi aka yi shiru ina zan same ka. Launi da hoto da tsarin maɓallai aikinsu su sa amsar ta fito fili da sauri. In babu amsar, duk adon banza ne.

Ba wai ina cewa kyau ba shi da amfani ba fa, yana da shi, kuma an auna. A 2002 wani bincike na jami'ar Stanford a Amurka wanda B.J. Fogg ya jagoranta ya sa mutum fiye da 2,600 su duba shafuka su faɗi wanne suka fi yarda da shi da dalili, sai aka tarar kusan kashi 46 cikin 100 na bayanan da suka rubuta a kan kamannin shafin ne, tsarinsa da launinsa da irin rubutun. A 2006 kuma Gitte Lindgaard da abokan aikinta a jami'ar Carleton ta Kanada suka nuna cewa mutum na yanke hukunci ko shafi ya yi masa kyau cikin kashi 1 bisa 20 na sakan, wato kafin ma ya karanta kalma ɗaya. Saboda haka shafin da rubutu ke hawa kan hoto, launi bakwai na faɗa da juna, logo a miƙe kamar an ja shi da ƙarfi, ga kuskuren rubutu tun a layin farko, ya faɗi tun ba a fara ba. Mai koyar da kontabilite da ya rubuta farashi biyu daban-daban a shafi ɗaya, wa zai ba shi lissafinsa?

Amma ga inda mutane ke ɓata. Waɗannan bincike an yi su ne lokacin da gina shafi mai kyau ke cin kuɗi da ƙwarewa, don haka kyau ɗin kansa alama ce cewa akwai wani abu a baya. Yau fa? Tsarin WordPress da aka riga aka zana kyauta ne ko kuɗi kaɗan, sunan shafi na .com bai wuce wajen jikka 10 a shekara ba, hotunan mutane masu kwat suna murmushi gaban kwamfuta an tara su dubbai ana ɗauka kyauta, ga kuma manhajojin da ke ƙirƙiro fuska da rubutu. Ɗan damfara ya fi ka lokacin ƙawata shafi domin shi ba ya shirya darasi. A 2015 jaridar New York Times ta bankaɗo wani kamfani a Pakistan mai suna Axact da ke da ɗaruruwan shafukan jami'o'i da makarantu na bogi yana sayar da digiri a duniya, kuma shafukan nan sun yi kyau ƙwarai, da hotunan gine-gine da farfesoshi da duk abin da ido ke so. Don haka abin da ya kamata mai shafi na gaskiya ya sa ƙarfinsa a kai shi ne abubuwan da maƙaryaci ba zai iya kwaikwaya cikin sauƙi ba, ko kuma yake tsoron sakawa.

Na farkonsu adireshi. Ba "Yamai, Nijar" kawai ba, a'a unguwa, kusa da ina, hoton ƙofar buron da allonsa, ko Yantala ne ko Talladje ko nan bayan kasuwar Tahoua, da ranaku da awoyin da ake samun mutum a ciki. Ko ɗaki guda ne da tebur da kujera biyu ya isa. Yawancin masu biya ba za su taɓa zuwa ba, amma sanin cewa za su iya aiken ƙane ya leƙa shi ne ke kwantar da hankali. Ka tuna sau da yawa mai biyan kuɗin ma ba shi ne mai karatun ba, a Adar musamman, yaya ne da ke ci-rani a Abidjan ko Libiya ake tura masa liyan a ce ga abin da nake son yi, shi kuma abin da zai fara tambaya ina wurin yake, wa ya san su. Sai lambar waya da ake ɗagawa, ba wadda kullum a kashe ba. Sai lambar RCCM ta rajistar sana'a da lambar NIF ta haraji a ƙasan shafi, waɗanda ake yi a Maison de l'Entreprise, domin wanda ya yi rajistar sana'arsa ya ba hukuma sunansa na gaskiya, gudu ya yi masa wuya. Ba kowa zai bincika ba, amma mai ONG ko shugaban kamfani da ke son tura ma'aikata 10 a lokaci ɗaya zai duba, kuma ba zai iya biya ba ma in ba za ka ba shi faktir mai NIF ba.

Sai malamin kansa. Wannan ne wurin da na fi jin haushin shafukanmu, za ka ga an rubuta "ƙwararrun malamai masu gogewa ta shekaru" ba suna ba fuska, sai hoton wani Bature da aka kwaso. Haba. Mu nan mutum ake bi ba kamfani ba. A sa sunan mushen, hotonsa na gaske ko da waya aka ɗauka in dai da haske, inda ya yi karatu, ko Jami'ar Abdou Moumouni ce ko Jami'ar Djibo Hamani ta nan Tahoua ko wata a waje, inda ya yi aiki, abin da ya taɓa yi da hannunsa. Mai koyar da haɗa sola ya nuna rufin da ya hau. Kuma a faɗi gaskiya daidai gwargwado, in lisans gare shi kada a kira shi dokta, ƙasar nan ƙarama ce ta fuskar sanayya, wani ɗan ajinsa zai gani ya yi dariya a fada, maganar ta zagaya.

Abin da ya fi duk waɗannan ƙarfi a ganina shi ne a bar mutum ya ɗanɗana. Darasi ɗaya cikakke a buɗe, ba sai ya yi rajista ba, ba sai ya ba da lamba ba. Ba bidiyon talla ba inda malam ke cewa za ku koyi kaza da kaza, a'a darasi na gaske daga tsakiyar kur ɗin wanda mutum zai gama ya ce yau na iya wani abu. Masu shafi na tsoron wai in aka ba da kyauta za a kwashe a gudu. Wanda zai gudu da darasi ɗaya da ma ba zai biya ba. Kuma wannan shi ne abin da ɗan damfara ba shi da shi sam, ba ya iya tsayawa minti 6 yana bayanin yadda ake rufe lissafin wata ba tare da ya tona kansa ba. A gefen darasin a sa jadawalin kur ɗin gaba ɗaya, sati na farko kaza, na biyu kaza, awa nawa zai ci maka a sati, me ya kamata ka riga ka sani, kana buƙatar kwamfuta ko waya ta isa. Wannan na ƙarshen kada a ɓoye shi don a sami ciniki. In kur ɗin Excel ne kuma mutum ba shi da kwamfuta ka gaya masa tun farko zai sha wuya sai in yana da sibar kusa ko ta aro, za ka rasa shi yau amma ba zai zage ka gobe ba.

Farashi kuma a rubuta shi. Wannan al'adar ta "tuntuɓe mu a inbos don jin farashi" ta dace da mai sayar da atamfa, a shafin ilimi tana sa mutum zargin ana duba fuska ne kafin a yanka. A rubuta da sefa, a faɗi abin da ke ciki, in akwai kuɗin takardar shaida daban a faɗa yanzu, domin babu abin da ke kashe yarda kamar ka gama karatu a ce sai ka ƙara jikka 5 kafin a ba ka atestasiyon. Sannan agogon nan da ke ƙirge wai saura awa 2 rangwame ya ƙare, gobe ka dawo ka tarar ya koma awa 2, ko "saura wuri 3" da ya shekara bai cika ba, an kwaso su ne daga masu koyar da talla na waje. Suna iya sa mutum ɗaya ya yi gaggawa, amma duk wanda ya gane wasan ya gama da kai, har da maganganunka na gaskiya.

Yanzu wurin biyan kuɗi, inda ciniki da yawa ke mutuwa. Shafuka da dama an gina su da tsarin da ke neman kartar banki kawai, alhali mutanenmu Airtel Money suke da shi, ko Moov Money, ko Zamani Cash, ko su je Nita ko Amana ko Al Izza su tura. To sai mai shafi ya koma ɗaya ƙarshen, ya rubuta lambarsa ta kansa ya ce tura nan ka aiko kaptur. Ka duba abin daga ɓangaren mai biya: shafin sunansa wata cibiya, ya zo turawa sai sunan wani mutum daban ya fito, ya tura, ya aika kaptur, sai jira, awa 1, awa 5, dare ya yi ba amsa. Ko da gobe an buɗe masa, wannan daren ya kwana yana ganin an cuce shi, kuma ba zai kawo abokinsa ba. Gyaran ba mai wuya ba ne. Asusun ɗan kasuwa da sunan cibiyar, sunan da zai fito ya zama shi ne wanda ke saman shafi. In dole sai lambar mutum to a rubuta ƙarara ga sunan da za ka gani, shi ne mai cibiyar. Resi ya iso nan take ta SMS ko WhatsApp da lamba a kansa. A rubuta iyakar lokacin da za a buɗe maka darasi, kuma a cika. A ba da damar biya kashi biyu ko uku, wannan ba sauƙin aljihu kaɗai ba ne, yana rage abin da mutum ke jefawa cikin duhu. Sai maganar mayar da kuɗi, wadda masu shafinmu ke gudu kamar me. Dandalin sayar da kur a intanet na Udemy da ke da miliyoyin ɗalibai yana ba da kwana 30 a kan yawancin kur ɗinsa in ba ka gamsu ba. Kai ba sai ka yi 30 ba, ko kwana 5 ne ka rubuta da sharuɗɗansa cikin magana mai sauƙi. Wanda ya yarda ya mayar da kuɗi ya nuna ya yarda da kayansa.

Takardar shaida ita ce wurin da har masu gaskiya ke zamewa su yi ƙarya. "Diplomar da duniya ta yarda da ita." Wace duniya? Atestasiyon da cibiya mai zaman kanta ke bayarwa shaida ce cewa wane ya bi wannan kur, daban take da diplomar gwamnati irin su CAP ko BEP ko BTS, daban take da digirin da CAMES, hukumar ilimin jami'a ta ƙasashen Afirka masu Faransanci, ta tantance, kuma ba za ta shigar da kai konkur ɗin aikin gwamnati da ke neman diplomar da hukuma ta sani ba. Wannan ba aibi ba ne, mai shago da ke neman wanda ya iya riƙe masa lissafi ba ruwansa da hatimin ministan, amma a faɗa. In kana da izinin ma'aikatar da ke kula da ilimin sana'a ka sa lambar takardar da ranarta. In ba ka da shi kada ka jera logon FAFPA, asusun tallafa wa koyon sana'a, ko na ANPE, hukumar samar da aikin yi, ko na wata jami'a a ƙasan shafi kamar kuna tare, wannan ya wuce rashin kyautawa, yana iya kai ka gaban alƙali. Abin da za ka iya yi da kuɗi kaɗan kuma ya ɗaga darajar takardarka shi ne kowace atestasiyon ta zama da lambarta da alamar QR, wanda zai ɗauki mutum aiki ya haska da waya ya faɗa shafinka ya ga suna da kur da rana. Coursera, babban dandalin karatu a intanet, haka take yi, kowace takarda da liyan ɗin tantancewa. Da wannan ko wani ya je sibar ya goge suna ya sa nasa ba za ta yi masa aiki ba.

Bari in dawo kan fasali, domin akwai wani ɓangare nasa da ya shafi yarda kai tsaye amma masu gina shafi ba sa gani, saboda su a kwamfuta suke aiki da intanet ɗin buro. Ɗalibinka yana kan Itel ko Tecno da memori ya cika, gilashin ya tsage, a Bouza ko Keita ko Illela inda rezo ke zuwa yana tafiya, da forfen da ya saya na yini. Google ta fitar a 2016 cewa kashi 53 cikin 100 na masu shiga shafi ta waya suna barinsa in ya wuce sakan 3 bai buɗe ba. Mu nan mun fi haƙuri don mun saba, amma haƙurin yana ƙarewa in mutum ya ga megansa na zuba a kan bidiyon da ya kunna kansa a shafin farko. A cire wannan. A matse hotuna. A rage hotunan nan masu juyawa da kansu a sama, ba mai jiran na uku. Akwai PageSpeed Insights na Google, kyauta, ka sa adireshin shafinka ya gaya maka abin da ke nauyi.

Lissafin megan ma a yi shi tsakani da Allah. Bidiyon da ke cin megabit 1 a sakan, wanda ba ma mai kaifi sosai ba ne, awa ɗaya ya cinye mega 450. Murya zalla a kilobit 32 awa ɗaya ba ta kai mega 15 ba. Kur mai awa 20 na bidiyo kenan jiga 9, wannan kuɗi ne na biyu da ɗalibi zai biya wa kamfanin waya wanda kai ba ka rubuta a farashi ba. To ka rubuta nauyin kowane darasi a gefensa, ka ba da zaɓi, bidiyo mai nauyi, mai sauƙi, murya da PDF. Ka bar mutum ya sauke lokacin da ya sami rezo mai kyau ya kalla daga baya. Moodle, tsarin gina shafin koyarwa wanda Martin Dougiamas ɗan Ostareliya ya fitar a 2002 kuma har yau kyauta ne, manhajarsa ta waya na barin a sauke darasi a yi aiki ba intanet. Na san abin da za a ce, wai in aka bari a sauke za a raba a Xender. Za a raba ɗin, ko ka hana ma akwai mai ɗaukar allo. Abin da ba a iya rabawa shi ne gyaran aikin gida da malam ke yi, da amsa tambaya, da takarda mai lamba, su ne kake sayarwa. Ga kuma wuta, duk wanda ya zauna Yamai bayan Agustan 2023 da Najeriya ta yanke wutar da take ba mu ya san yadda shirya darasin kai tsaye a Zoom ƙarfe 8 na dare ke zama caca, balle lokacin zafi na Afrilu da Mayu. Duk darasin kai tsaye a naɗe shi a ajiye, kuma shafi ya tuna inda mutum ya tsaya in waya ta mutu.

Ƙananan abubuwa kuma: rubutu mai launin toka-toka a kan fari yana kyau a ɗaki mai sanyi, a ranar Tahoua ba a ganinsa ko kaɗan, a sa baƙi sosai kuma manya. Maɓalli ya isa babban yatsa. Fom ɗin rajista suna da lambar waya sun isa, imel kada ya zama dole tunda da yawa wani ne ya buɗe musu shi ranar da suka sayi waya ba su san lambar sirrinsa ba.

Harshe ma fasali ne. Tun Maris 2025 da kundin sake gina ƙasa ya ɗora Hausa a matsayin harshen ƙasa ana ta magana, amma ni tun kafin nan nake ganin wanda zai koyar da kiwon kaji ko gyaran famfon sola da Faransancin littafi ya rufe ƙofa ga rabin kasuwarsa. Ko shafin da Faransanci yake, a sa bokal na minti 1 da Hausa da Zabarmanci mai bayanin mene ne kur ɗin, nawa ne, yaya ake biya. In kuma da Hausa za a rubuta a gwada ko irin rubutun da aka zaɓa yana nuna ƙ da ɗ da ɓ da ƴ, don wasu sai su fito da akwati fanko a tsakiyar kalma, Noto na Google da Andika suna nuna su lafiya. Kuma don Allah mutum ya rubuta, fassarar inji ana gane ta daga layin farko.

Ɗan makullin nan da wasu manhajojin buɗe shafi ke nunawa gefen adireshi, wato https, dole ne a same shi, tun Yulin 2018 Chrome ke rubuta wa shafin da ba shi da shi cewa ba amintacce ba ne, kuma Let's Encrypt na ba da shi kyauta, don haka duk mai gina shafin da ya caje ka kuɗi mai yawa a kansa ka tambaye shi dalili. Sai dai kada ɗalibi ya ɗauka makulli na nufin masu shafin mutanen kirki ne, yana nufin kawai ba a leƙa abin da ke tafiya tsakanin wayarka da shafin a hanya, shafukan damfara ma suna da shi. Abin da ya fi muhimmanci shi ne abin da kake karɓa daga hannun mutane. Me ya kai ka neman hoton kartar ɗan ƙasa don kur ɗin Excel? Nijar na da dokar kare bayanan mutane tun 2017, an sake ta a 2022, da hukumar HAPDP da ke kula da ita, ga dokar laifukan intanet ta 2019. Zuba lambobin ɗalibai mata da maza a gurup ɗaya kowa na ganin ta kowa, har wani ya fara damun matar aure da saƙon dare, wannan kaɗai ya isa ya sa maigida ya ce a bar karatun, kuma maganar za ta bi sunan cibiyarka.

Shaidar tsofaffin ɗalibai tana aiki in ta gaske ce, kuma mutane sun iya gane ta ƙarya, taurari biyar-biyar, sunaye marasa gari, kowa na cewa rayuwata ta canza da salon magana iri ɗaya. A Amurka hukumar FTC ta kafa ƙa'ida a 2024 da ta haramta irin wannan shaidar ƙirƙira da tara a kai, mu nan ko ba tara kunya ta isa. Mutum 3 na gaske da izininsu, wata ta ce na koyi yin faktir yanzu ni ke riƙe da lissafin shagon babana, wani ya ce darasi na huɗu ya yi mini wuya sai da na maimaita, sun fi 50 na bogi. Wannan ɗan ƙorafin ma shi ke sa a yarda da sauran.

Akwai kuma abin da ke faruwa bayan an biya, wanda shi ne ke yanke ko za a sami zubi na biyu. Karatun intanet mutane ba sa gama shi, ba a Nijar kaɗai ba. Wani bincike da mujallar Science ta buga a 2019 kan kur ɗin MIT da Harvard a dandalin edX ya nuna wajen kashi 3 cikin 100 ne kawai na masu shiga suka kammala a zangon 2017 zuwa 2018. Waɗancan yawanci shiga kyauta ne, wanda ya biya ya fi dagewa, amma darasin a fili yake, zuba bidiyo ka tafi ba koyarwa ba ce. Wani binciken na 2014 da Philip Guo da abokansa suka yi kan kallon bidiyo kusan miliyan 7 a edX ɗin ya nuna hankali na fara guduwa in bidiyo ya wuce minti 6. To a yanka darasi gajeru, kowane da ɗan aiki a ƙarshe, a fara rukuni-rukuni da ranar farawa da ta gamawa yadda mutum zai ji yana da ƴan aji, a sa wani ya kira wanda ya ɓace sati biyu ya ce lafiya dai? Wanda ya biya bai gama ba ba zai ce laifinsa ba ne, cewa zai yi kur ɗin ba shi da amfani.

In ka gyara duk wannan kada ka tambayi abokanka ko ya yi kyau, za su ce ma sha Allah. Jakob Nielsen, wanda ya daɗe a harkar gwajin shafuka, ya rubuta tun 2000 cewa gwaji da mutum 5 na fito da wajen kashi 85 cikin 100 na matsalolin amfani da shafi. Ka je fada da yamma, ka saya wa mutum 5 forfe, irin waɗanda kake son su zama ɗalibanka ba masu anfarmatik ba, ka ce kowa ya buɗe a wayarsa ya nemo farashi, ya nemo sunan malam, ya kai har wurin biya. Kai kuma ka yi shiru, kada ka ce danna can, ka dinga rubuta inda yatsa ya tsaya yana lalube. Ka sa aƙalla mata biyu a ciki ko da a gida za ka same su, domin tambayoyinsu daban ne, za su tambaye ka ko dole ne a kunna kyamara da kuma wa zai ga lambarsu. Ka kuma duba da sunan wa aka sayi adireshin shafin, da yawa yaron da ya gina ne ya saya da nasa imel, ranar da kuka ɓata ko ya tafi Aljeriya ya manta bai sabunta ba, shafin ya rufe da duk liyan ɗin QR da ke kan takardun ɗalibanka.